Yadda Ake Dafa Diram-an-bes, Asid da Jaz a Tukunya Ɗaya

Ranar da na fara kunna wa wani abokina irin wannan kiɗa a ɗakina, bai yi minti ɗaya yana saurare ba ya cire hedifon ya ce, "Malam, kwamfutarka ce ta haukace ko da gangan ka yi?" Da gangan na yi, amma yana da gaskiyarsa. Abin da na haɗa a lokacin hayaniya ce zalla: ganga na gudu kamar an koro ta, injin asid na ƙugi, fiyano na nata surutun, kowa na magana ba mai jin wani, kamar tashar mota ranar jajibirin salla. Sai da na ɓata watanni kafin na gane cewa samun sautuka ba shi ne wahalar ba, don suna nan birjik, wasu ma kyauta. Wahalar ita ce raba musu lokacin magana. A wannan kiɗa ganga ce mawaƙiya, sauran 'yan amshi ne, kuma kowane mataki da zan kawo a ƙasa daga nan ya taso.

Dangi uku ne za ka zaunar a tabarma ɗaya, gara ka san asalin kowa. Diram-an-bes ɗan Ingila ne, a Landan da Biristol ya girma a farkon shekarun 1990, daga kiɗan da suke kira jangul. Asid ɗan Shikago ne a Amurka, inda wasu matasa da ake kira Phuture suka fitar da shi fili a 1987. Jaz ya girme su duka nesa ba kusa ba, kuma reshensa da ya shafe mu shi ne na shekarun 1970, lokacin da makaɗansa suka rungumi fiyano da gita masu amfani da lantarki. A tsakiyar shekarun 1990 aka ɗaura wa ukun aure. Wanda ya fi yin suna a kai shi ne Tom Jenkinson, ɗan yankin Essex, mai kaɗa gitar bes (gita mai kaurin murya), wanda duniya ta sani da Squarepusher. Babban faifansa na farko ya fito a 1996 a kamfanin Rephlex, daga baya ya koma Warp. A Biristol kuma Roni Size da ƙungiyarsa suka ci kyautar Mercury a 1997 da diram-an-bes mai ƙamshin jaz.

Kayan aiki

Kwamfutar tafi-da-gidanka ko da tsohuwa ce, hedifon mai rufe kunne, da manhajar haɗa kiɗa. Idan FL Studio ka saba da ita, ta isa: tana da Slicex na yanka ganga da Transistor Bass na asid. Idan aljihu ba nauyi, LMMS kyauta ce, kuma a cikinta akwai LB302 mai kwaikwayon injin asid. Ni Renoise na fi so, don rubutun kiɗa a cikinta daga sama yake gangarowa kamar jerin lissafi, kuma kowane bugu kana iya ba shi umarninsa shi kaɗai. Ƙaramin kibod mai maɓallai 25 da 'yan maƙunnan murɗawa zai yi maka rana sosai. Kada rashin kaya ya zama uzuri. Jenkinson da ƙaramin injin ganga Boss DR-660 da na'urar ɗaukar samfur Akai S950 ya yi ayyukansa na farko, kuma wayar da ke aljihunka ta fi su ƙwaƙwalwa.

Mataki na farko: gudu da gurabe

Sa gudun kiɗan a bugu 170 cikin minti ɗaya. Bugu huɗu su ne zango ɗaya, kuma kowane zango a raba shi gurbi 16, kamar gidajen dara. A wannan gudu bugu ɗaya milisakan 353 ne, gurbi ɗaya kuma milisakan 88. Rubuta waɗannan lambobi a takarda ka manna kusa da kai. Sannan ka riƙe cewa rabin 170 shi ne 85. Ganga za ta riƙa gudu a 170, amma bes da fiyano a 85 za su riƙa tafiya, taku ɗaya cikin biyu. Kunne a kan mai tafiya a hankali yake hutawa yayin da mai gudu ke gudunsa.

Mataki na biyu: yanka ganga

Nan ne rabin aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Ba a gina gangar wannan kiɗa daga bugu ɗai-ɗai na inji. Ana ɗauko wani ɗan gutsure ne daga tsohon faifai, inda sauran makaɗa suka yi shiru suka bar mai ganga shi kaɗai, a yanka shi a sake jerawa. Wanda ya fi kowanne shahara shi ne Amen, daga waƙar "Amen, Brother" ta ƙungiyar The Winstons a 1969. Gregory Coleman ne ya buga shi, zango huɗu ne, kimanin daƙiƙa bakwai. Kafin ka sa masa wuƙa, saurare shi sau ashirin. Zango biyu na farko kusan iri ɗaya ne. A na uku ya jinkirta bugun ƙarshe na sineya, wato ƙaramar ganga mai kaifin murya. A na huɗu ya bar bugun farko fanko, sannan ya doki faifan ƙarfe kafin lokacin da kunne ke jira. Wannan 'yar tuntuɓe ita ce gishirin, kuma ita ce masu gaggawa suke fara yarwa.

Asalin gudunsa wajen 136 ne. Hanya biyu ce ta kai shi 170. Ko dai ka bar manhaja ta ja shi ba tare da muryarsa ta canja ba, ko ka hanzarta shi kamar yadda ake hanzarta kaset, murya ta tashi tare da gudu. Ta biyun nake ba ka shawara. Ɗaga shi rabin taki kusan sau huɗu (rabin taki shi ne tazarar murya daga maɓallin kibod zuwa na dab da shi), zai faɗa daidai 170, sineyar ta ƙara kaifi, ta yi wannan "kas" ɗin da aka san jangul da shi.

Yanzu yanka. Faɗaɗa hoton sautin har ka ga inda kowane bugu ya fara, ka yanka dab da gabansa, a inda layin igiyar ya ratsa tsakiya. Idan ka yanka a kan tudu ko cikin kwari za ka ji "ƙyas" a farkon kowane gutsure. In ya ƙi, sa masa ɗan shigowa a hankali na milisakan biyu ko uku. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne yanka kowane bugu shi kaɗai, guda 16 a zango. Sai gangar ta mutu, ta koma kamar keken ɗinki. Bar wasu gutsattsarin da bugu biyu ko uku a haɗe, musamman sineya da ƙananan raɗe-raɗin da ke bin bayanta, waɗanda mai ganga ke yi da ɗan taɓa fata kawai. A cikinsu hannun Coleman yake. Gutsure takwas zuwa goma sun isa. Ɗora kowanne a maɓallinsa na kibod.

Fara da ƙashin baya: kik, wato babbar ganga mai zurfin murya, a gurbi na 1 da na 11, sineya a na 5 da na 13. Wannan shi ne takun diram-an-bes na gama-gari. Kwafe shi zango takwas, sannan ka koma ka lalata kowane zango da hannu, ta yadda babu biyu da za su zama tagwaye. A na biyu matsar da kik na biyu zuwa gurbi na 10. A na uku sa sineya biyu a jere, ta biyun da rabin ƙarfi. A na huɗu juya gutsuren faifan ƙarfe ya tafi da baya, ya zuƙo mai saurare zuwa zango na biyar. A na shida cire komai daga gurbi na 9 zuwa na 12, ka bar rami. Doka ɗaya nake bi: a kowane zango, aƙalla ɗaya daga cikin sineyoyin nan biyu, ta 5 ko ta 13, ta tsaya a gurbinta. Ita ce turke. Muddin tana nan, akuya ta yi ta zagaye yadda take so, mai saurare ba zai ɓata ba. Idan ka tumɓuke duka biyun, ka yi shi sau ɗaya cikin zango takwas, kuma ka san dalili.

Sai maganar kwararo, wato maimaita gutsure ɗaya da matuƙar sauri har ya yi "trrrr". Raba gurbi gida biyu, kowane bugu ya zama milisakan 44, za ka ji shi kamar makaɗi mai saurin hannu. Raba shi huɗu, milisakan 22, wato bugu 45 a daƙiƙa. Daga wajen bugu 20 a daƙiƙa kunne ya daina ƙirga su, sai ya ji murya guda mai amo. Ke nan da sineya kaɗai kana iya rera waƙa, in ka riƙa sauya saurin maimaicin. Kada ka bar kwararo a ƙarfi ɗaya. Ko ya taso daga raɗa zuwa tsawa, ko muryarsa ta riƙa hawa rabin taki-rabin taki. Kuma ka yi rowarsa. Yaji ne, cokali ɗaya ya isa tukunya.

Wata magana a gefe: Coleman ya rasu a 2006 bai ci ko sisi daga dubban waƙoƙin da aka gina a kan bugunsa ba. Sai a 2015 wasu masu kiɗa a Birtaniya suka yi karo-karo, suka tara wa shugaban ƙungiyar, Richard Spencer, kimanin fam 24,000. Don koyo, yi amfani da Amen. In kana nufin sayar da aikinka, nemi mai ganga ka biya shi, ka ɗauki bugunsa na minti biyar, ka yanka naka. Hakki ya fita, kuma gangarka ba ta kama da ta kowa.

Mataki na uku: bes na ƙasa

Wannan gajere ne. Ɗauki sauti mafi santsi da manhajarka ke da shi, wanda ba shi da gashi ko kaɗan, ka buga dogayen muryoyi biyu ko uku a zango biyu. Wurin zamansa tsakanin 40 da 60 Hz ne (Hz ma'aunin zurfin murya ne, ƙaramar lamba murya mai zurfi), inda ƙirji ke ji kafin kunne. Ajiye shi a tsakiya, kada ya karkata dama ko hagu. Kada ka yi masa ado.

Mataki na huɗu: asid

Injin da ya haifi wannan sauti, Roland TB-303, asararre ne tun fitowarsa. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da shi a 1981 don mai gita ya samu abokin atisaye mai riƙe masa bes. Bai yi kama da bes ba ko kusa, aka daina ƙera shi a 1984, ya koma shagunan gwanjo da araha, inda matasan Shikago suka tsince shi. Abin da suka gano shi ne, in ka bar shi yana maimaita jimla ɗaya kana murɗa maƙunnansa, sai ya fara magana. Asalin injin yanzu tsada gare shi, amma akwai TD-3 na Behringer mai sauƙin kuɗi, ga kuma na cikin manhaja.

Rubuta jimlar da harufa kaɗan, wato muryoyin kibod masu suna A zuwa G. Mu ɗauki D a matsayin gida. Cika mafi yawan guraben da D, ka ɗaga biyu ko uku su koma D ta sama, ka jefa C ɗaya da F ɗaya, sannan ka saka baƙo guda wanda ba ɗan gidan ba, kamar baƙin maɓallin da ke dab da saman D. Jimlar asid ba ta buƙatar daɗin rerawa. Ranta yana cikin abu biyu da aka rubuta wa Accent da Slide.

Accent yana ƙara wa gurbi ƙarfi, ya kuma buɗe rariyar sautin na ɗan lokaci, sai ka ji "waw". In ka jera shi a gurbi biyu ko uku a jere, kowanne yana hawa kan na baya, kukan na ƙara tsini, kamar kare da ake ƙara tsokana. Slide kuwa yana hana murya tsalle daga harafi zuwa harafi, sai ta zame. Duk wanda ya taɓa kallon mai kalangu yana matse igiyoyi a hammata bayan ya doki fata ya san wannan zamiya. Sa Accent a gurbi uku ko huɗu, Slide a biyu ko uku, kuma ka tabbata akwai Slide ɗaya a inda D ta ƙasa ke hawa ta sama.

Ga matsalar da ba a cika faɗa ba. An saba jin asid a gudun 120 zuwa 130. Zamiyar injin tana cin kimanin milisakan 60, gurbinka kuma 88 ne kacal, don haka a 170 jimla mai cike da gurabe 16 kunu take zama. Magani biyu ne. Ko ka bar aƙalla gurbi biyar fanko, ko ka sa injin ya yi tafiyar 85. Akwai kuma dabarar da na fi ƙauna: gajarta jimlar ta zama gurbi 7 maimakon 16. Tunda ganga na zagaye a 16, asid a 7, ba za su sake haɗuwa a mafari ɗaya ba sai bayan gurbi 112, wato zango bakwai. Duk tsawon wannan lokaci Accent ɗinka na faɗawa a sabon wuri, kai kuma ba ka ƙara rubuta komai ba.

Sannan murɗa. Makunnin Resonance (tsinin kuka) a kusan kashi uku cikin huɗu, Decay (tsawon buɗewar rariya bayan kowane bugu) gajere, Cutoff (mabuɗin rariyar sautin) a can ƙasa. Danna maɓallin ɗaukar sauti, ka riƙa buɗe Cutoff da hannunka a hankali tsawon zango 16, ka ja baya, ka sake turawa, ka ƙara Env Mod (yawan buɗewar rariya a kowane bugu) idan ka kusa ƙololuwa. Da hannu, ba da zana miƙaƙƙen layi da linzami ba, don 'yar rawar yatsa ana jin ta. Bi shi da ɗan ƙuna, wato distoshan, sai eko mai jinkirin milisakan 265, wanda ya yi daidai da gurbi uku. Yanke masa duk abin da ke ƙasa da 130 Hz, wannan filin na bes ne. Kuma ka rage ƙarar hedifon kafin ka fara. Resonance mai yawa a kan ƙuna yana iya soka maka kunne farat ɗaya, kuma kunne ba shi da safaya.

Adana aikinka bayan kowace ɗauka mai kyau, da sabon suna. Na taɓa yin murɗawar da ban sake yin irinta ba, aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa. Har yau ina jin ta a kaina, a can kaɗai ta rage.

Mataki na biyar: jaz

Da yawa suna ɗauka cewa da zarar an yayyafa kod (muryoyi da yawa da aka danna tare) mai tsami a kan ganga an yi jaz. Kod ɗin ƙofa ce kawai, amma mu shiga ta nan. Nemi sautin fiyanon lantarki irin na Rhodes. Fararen maɓallai zalla za ka taɓa. Da hannu ɗaya danna F, A, C, E tare, bes na riƙe da D a ƙasa. Bayan zango biyu, sauke yatsa ɗaya tak, daga C zuwa B, ya zama F, A, B, E, bes kuma ya koma G. Yatsa ɗaya ya motsa, amma ɗakin gaba ɗaya ya canja launi. Ka lura fiyano ba ta taɓa D ko G da kanta ba, ta bar wa bes. Haka makaɗan jaz ke yi don kada a taka ƙafar juna. In ka ga D ta yi wa lasifikarka zurfi, don tana wajen 37 Hz, ɗaga bes, asid da fiyano duka rabin taki uku, gida ya koma F, kusan 44 Hz.

Jaz na gaskiya a hannu yake da kunne. Kunna gangar da ka yanka ta yi ta zagaye, danna ɗauka, ka yi minti goma kana wasa a kan fararen maɓallan nan kana amsa mata. Ta yi kwararo, ka yi shiru. Ta bar rami, ka faɗa ciki. Kada ka bari manhaja ta gyara maka lokaci ta jera bugunka a kan gurabe. Ɗan lattin da yatsanka ya yi shi ne abin da ake nema. Cikin minti goman, watakila daƙiƙa arba'in ce za ta yi kyau. Yanko ta ka zubar da sauran. Wannan ba ha'inci ba ne: Teo Macero, mai haɗa faifai, da reza ya riƙa yanka tef ɗin shahararren mai busa Miles Davis a 1969 da 1970 yana sake jerawa, kuma faifan da suka fito daga nan suna cikin manyan na jaz. In kana da aboki mai gitar bes ko mai busa, kira shi ya yi wannan minti goman a madadinka. Amma duk inda gitar bes ke yawo, bes na ƙasa ya kauce.

Mataki na shida: rabon magana

Makaɗan jaz suna da al'adar musayar zango huɗu-huɗu: mai busa ya yi huɗu, mai ganga ya amsa da huɗu. Ara wannan ka gina waƙarka a kai. Buɗe da fiyano da 'yar ganga mara kik na zango 16. Shigo da cikakkiyar ganga da bes, fiyano ta koma dogayen kod, ganga ta yi hawan sallarta. Idan asid zai shigo, mayar da ganga kan ƙashin bayanta, kik a 1 da 11, sineya a 5 da 13, ba kwararo, har sai asid ya gama faɗin abin da ke bakinsa. Daga nan su fara musaya: huɗu na asid, huɗu na ganga, sai biyu-biyu, sai ɗaya-ɗaya. Wuri ɗaya tak a duk waƙar za ka bar su su yi magana tare, zango takwas, kusa da ƙarshe. Saboda an daɗe ana hana su, wannan hayaniyar sai ta zama biki. Minti huɗu zuwa biyar ya isa, wato kimanin zango 170 zuwa 210.

Mataki na bakwai: daidaita sauti

Yanke wa Amen abin da ke ƙasa da 100 Hz, ka ɗora masa kik mai tsabta a ƙarƙashi in ya yi rauni. Tunda ka ɗaga muryarsa, faifan ƙarfen zai riƙa cizo tsakanin 3,000 da 6,000 Hz. Rage wajen kaɗan, in ba haka ba mai saurare zai gaji kafin minti biyu bai san dalili ba. Asid da fiyano maƙwabta ne masu rigimar iyaka, don haka karkatar da ɗaya ɗan dama, ɗaya ɗan hagu. Shafa wa bes ɗan ƙuna kaɗan, don lasifikar waya ba ta iya furta 44 Hz, amma tana iya furta 'ya'yan muryar da ƙunar ke haifarwa a sama. Bar sararin 6 dB (ma'aunin ƙara) kafin ƙololuwar babban ma'auni. Fitar da shi a matsayin fayil ɗin sauti na WAV, ka tura wayarka, ka saurara a lasifikarta, a mota, da hedifon mai araha na bakin titi. In sineya ta ɓace a ɗayansu, koma ka gyara. Ka yi wannan sauraren washegari da safe, kunnen dare maƙaryaci ne.

Saura rufewa. Kada ka dusashe ƙarar a hankali kamar waƙar rediyo. Bayan zango takwas na hayaniyar nan, tsinke ganga da bes a kan sineyar gurbi na 13, ka bar asid shi kaɗai da ekonsa. Sa yatsa a kan Cutoff ka riƙa rufewa tsawon zango huɗu, kukan ya koma gunaguni, gunagunin ya koma ɗan bugu kamar na zuciya. Idan ya kai nan, danna F, A, B, E sau ɗaya, a hankali, ka ɗaga hannu, ka bar ɗauka tana tafiya har amon ya ƙare da kansa kafin ka tsayar.